Yadda ake gyaran kifin ƙarya mai yawo bisa ruwa domin ya yi rawar da ake so

Masu su a ƙasar Damagaram sun fi sabawa da birgi da kalli da mamari, mai fatsa kuma yakan soka tana ko fara a ƙugiya ya zauna jira. Kifin ƙarya, wato ɗan kifin roba ko na katako da ake rataya wa ƙugiyoyi a jefa shi nesa a riƙa fizgo shi, har yanzu baƙo ne a wurinmu. Ɗan abin da ke hannun mutane daga Yamai ko Kano yake zuwa, wani kuma tsohon hannu ne da matafiyi ya kawo tsaraba, saboda haka wanda ya tsage ko ya daina rawa ba a yar da shi, gyara shi ake yi. Bayanin nan ya shafi irin wanda ba ya nutsewa, wanda ake jefa wa tarwaɗa da asuba ko da almuru lokacin da take tasowa sama, da kuma giwan ruwa a inda ake samunsa.

Iri biyu ne suka fi zuwa hannuna. Na farko yana da kwarmin baki kamar ɗan ludayi, idan an fizge shi ya ɗebi ruwa ya yi ƙara "ɓul", irin su Pop-R na kamfanin Rebel da Skitter Pop na Rapala. Na biyu dogo ne marar baki, wanda rawarsa ita ce kaɗa kai hagu da dama yana tahowa, kuma Zara Spook na kamfanin Heddon a Amurka shi ne ya fi suna a cikinsu. Mafi yawan waɗanda muke samu kwaikwayon waɗannan ne marasa suna, masu raunin haɗi da ƙugiyoyi marasa ƙwari, amma siffar jikinsu takan yi kyau, shi ya sa gyaransu yake biyan wahala.

Kayan da za ka tanada

Kana bukatar ƙaramar filaya mai tsinin baki, da reza ko wuƙa mai kaifi, da basilla, da ƙaramin magagari, da samfefa iri biyu, mai ɗan kaushi da mai laushi ƙwarai. Na liƙi kuwa, ka nemi gam mai kamawa nan take da kuma gam ɗin nan mai kwalabe biyu da ake gaurayawa, irin Araldite, waɗanda ake samu wurin masu kayan gini da masu kayan gyaran moto a kasuwar Dole. Idan akwai zaɓi, ka ɗauki mai jinkirin bushewa, domin mai kamawa cikin minti 5 ba ya jure zama cikin ruwa kamar ɗan'uwansa, ga shi kuma a zafin garinmu yakan daskare tun kana cikin shafawa.

Sai ƙugiyoyi masu baki uku, da ƴan zobban ƙarfe masu ninki biyu da ake rataya su da su, da darma. Darmar tsohon birgi ta isa, a buga ta bisa dutse ta yi fale-fale yadda almakashi zai yanka ta, haka ma siririyar darmar da masu gyaran rediyo suke liƙi da ita tana da amfani na musamman da zan ambata a gaba. Ka haɗa da baƙin tef na masu wutar lantarki, da sirinji daga farmasi, da jan farce marar launi, da zare ja, da ƴan gashin farin zakara, da babban baho ko daro mai zurfin da ya wuce tsawon kifin. Sikeli mai auna giram yana sauƙaƙa aiki, amma na daɗe ina yi ba da shi ba.

Abu guda da ya kamata ka fahimta

Rawar kifin ƙarya tana fitowa ne daga yadda yake zama bisa ruwa lokacin da ba a taɓa shi ba. Mai kwarmin baki ana so wutsiyarsa ta ɗan nutse, rabin bakin yana cikin ruwa rabi yana waje. Dogon kuwa, idan ya kwanta shimfiɗe zai riƙa zamewa da faɗi a kowace fizga, idan wutsiya ta nutse sosai kai ya ɗaga zai riƙa juyawa da sauri a ɗan matsattsen wuri, kuma ya fi tafiya nesa wajen jifa. Jikin nan ƙarami ne. Skitter Pop mai santimita 7 giram 7 ne kawai nauyinsa, Zara Spook na asali kuma bai wuce giram 21 ba, saboda haka ɗigon ruwa da ya shiga ciki, ko ƙugiyar da ta fi ta asali kauri, ko gam da aka lafta, kowanne yana iya sauya zamansa. Dalilin ke nan da ya sa nake jera aikin yadda za a fara da abin da ake iya warwarewa, a bar yanka da gugar jiki sai ƙarshe, kuma a sauya abu ɗaya tak kafin kowane gwaji.

1. Wanke shi, ka duba zamansa

Ka wanke shi da sabulu da tsohon buroshin haƙori. Kada fetur ko tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, su kusance shi, domin suna narkar da roba su cinye fenti. Bayan nan ka cika baho, ka sa shi da ƙugiyoyinsa yadda yake, ka jira ruwan ya kwanta, sannan ka durƙusa ka dube shi ta gefe da kuma ta gaba. Ka lura ko ya karkata gefe guda, da inda ruwa ya tsaya masa a baki da a baya. Ni nakan ɗauki hotonsa da salula a wannan matakin, saboda ido yana mantuwa, bayan gyara uku ba za ka tuna yadda yake da farko ba.

2. Nemo yoyo, ka fitar da ruwa

Ka girgiza shi kusa da kunne. Ƙarar ƴan ƙwayoyin ƙarfe da ke ciki ya kamata ta fito tas, idan kuwa ka ji ta a daushe ko ka ji motsin ruwa, to yana yoyo. Hanyar gano wurin mai sauƙi ce. Ka cire ƙugiyoyi, ka zuba ruwa mai ɗumi a kwano, irin ɗumin da hannu zai iya jurewa, ka danna kifin ciki da filaya na kamar minti guda. Iskar da ke cikinsa za ta kumbura ta nemi hanya, sai ka ga ƴan kumfa suna fitowa a jere daga tsagar, galibi a layin da aka haɗa ɓarin biyu ko a gindin zoben ƙugiya. Ka yi wa wurin alama. Kada ka yi amfani da tafasasshen ruwa, zai lanƙwasa robar.

Zafi shi ne babban mai fasa mana kaya a nan. Wata shekara cikin watan Afrilu na bar akwatina ɗaure a bayan moto a bakin tabkin Gidimuni tun hantsi har la'asar, da na buɗe na tarar uku sun kumbura kamar an hura su, ɗaya kuma ya buɗe tun daga hanci har tsakiyar baya. Wanda ya kumbura ba ya komawa yadda yake, sai dai a sake daidaita shi a kan sabuwar siffarsa.

Domin fitar da ruwan, ka huda ƴar ƙofa a bayansa, nesa da layin haɗi, da basilla da ka ɗan gasa a wuta, ka zuƙe ruwan da sirinji, sannan ka hura iska da sirinjin sau da yawa. Ka ajiye shi a inuwa inda iska ke kaɗawa kwana biyu ko uku. Gaggawa a nan ita ce kuskuren da ya fi yawa, domin wanda ya rufe ƙofa da sauran laima a ciki zai ga ƙwayoyin ƙarfen sun yi tsatsa sun manne waje guda, kifin ya riƙa karkata ba a san dalili ba.

3. Toshe tsaga

Ka ɗan buɗe tsagar da tsinin reza domin gam ya sami shiga, ka ɗiga mai kamawa nan take, ka matse da yatsu. Idan ya kama, ka goge wurin da samfefa mai laushi, ka shafa Araldite sirara a kai ya zarce tsagar kaɗan ta kowane gefe. Ƙofar da ka huda kuwa, ka cusa mata ɗan tsinken sakace, ka yanke shi daidai da jiki, ka rufe da ɗigon gam. Bayan kwana guda ka maimaita gwajin ruwan ɗumi.

Na katako ba ya yoyo irin wannan, shan ruwa yake yi ta inda haƙorin kifi ko dutse ya fasa fenti. Ka bar shi ya bushe mako guda, ka cike ramin da garin katako da aka jiƙa da gam, ka goge. Idan zoben da aka murɗa cikin katakon yana girgiɗi, ka kwance shi, ka cika ramin da Araldite da ɗan tsinke, ka mayar da shi tun gam bai kama ba, ka tabbata ya miƙe daidai da tsawon jiki. Kada ka ƙara murɗa shi da ƙarfi kawai, ramin ne ya riga ya cinye, babban kifi na farko zai tafi da shi.

4. Ƙugiyoyi da zobba

Ka ja tsinin kowace ƙugiya bisa farcen babban yatsa. Idan ya kama farcen yana da kaifi, idan ya zame sai a wasa shi da magagari daga gindi zuwa tsini. Tsatsa ta sama takan fita da ruwan lemun tsami da goga, amma wadda ta ci ƙarfe har ya yi ƴan ramuka ba ta da magani sai sauyawa.

Wajen sauyawa ka tuna cewa lambar ƙugiya juye take, mai lamba 6 ta fi mai lamba 4 ƙanƙanta, mai 4 kuma ta fi mai 2. Ka fara da girman da ya zo da shi, sannan ka kama ta ciki da ta wutsiya ka matso da su wajen juna, idan suna iya sarƙewa to sun yi girma, za su riƙa ɓata maka jifa. Ta cikin a rataya ta yadda idan ta kwanta baya, baki biyu za su rungumi jikin, ɗaya ya dubi ƙasa. Zoben rataya kuwa a buɗe shi kaɗan da bakin wuƙa, iyakar yadda idon ƙugiya zai shiga, wanda ya buɗe bai koma ya rufe ba a jefar da shi.

Idan ba ka sami mai baki uku ba, ƙugiya mai baki ɗaya da ta ɗan fi girma tana aiki, har ma na fi son ta a wuraren da kacalla da bado suka cika, domin ba ta yawan maƙalewa. Sau da yawa sai an sa mata zobe biyu kafin ta daidaita da tsawon jiki, ta cikin tsininta ya dubi gaba, ta wutsiya ya dubi sama. Ta fi mai baki uku sauƙin nauyi, saboda haka za ka cike gurbin a mataki na gaba.

5. Daidaita nauyi

Nan ne ainihin aikin yake, nan kuma ya kamata ka ɓata lokaci. Darma ta fi ruwa nauyi sau 11 da ɗoriya, gutsuren da bai wuce ƙwayar dawa ba ya kusa rabin giram, kuma da irin wannan gutsuren ake farawa. Ka yanko shi fale-fale, ka manna shi da baƙin tef a ƙarƙashin ciki, daidai kan layin tsakiya, tsakanin ƙugiyar ciki da wutsiya. Ka sa a baho ka duba, ka kwatanta da hoton farko. Idan kana son wutsiya ta ƙara nutsewa, ka fara matsar da gutsuren baya kafin ka yi tunanin ƙara wani, domin sau da yawa matsawar faɗin yatsa guda ta fi ƙarin nauyi tasiri.

Darma a ƙasa take zama kullum. Wanda ya manna ta a gefe ko a baya zai ga kifin yana mirginawa idan an fizge shi, ƙugiyoyi su fito sama. Idan tun asali yana karkata gefe guda, ka kauce da gutsuren kaɗan daga tsakiya zuwa ɗaya gefen har ya miƙe.

Hanya ta biyu, wadda ba ta taɓa jikin kifin ko kaɗan, ita ce naɗa siririyar darmar masu rediyo a jikin ƙugiya, zagaye huɗu ko biyar, a ta wutsiya idan ana son baya ya sauka, a ta ciki idan ana son ya kwanta ya daina birkicewa cikin igiyar ruwa. Ana ƙarawa ana ragewa a bakin tabki da yatsa kawai, kuma ita nake ba duk mai koyo shawarar ya fara da ita.

Akwai iyaka da bai kamata a wuce ba. Ka danna kifin ƙasa da yatsa ka saki, ya kamata ya taso da hanzari, idan ya taso a hankali kamar mai shawara to ka cika masa kaya, fizga biyu za su tura shi ƙarƙashin ruwa. A irin wannan hali ka rage darma ko ka koma ƙugiya mai siririn ƙarfe. Sai bayan ka gwada a tabki ka gamsu sannan za ka cire tef, ka goge wurin, ka kafe darmar da Araldite. Kada ka narka darma a tukunyar girki ko ka gutsura ta da haƙori yadda na ga wasu suna yi, guba ce, ka wanke hannu kafin cin abinci, ka kuma kawar da ɓarɓashinta daga inda yara suke wasa.

6. Zoben hanci da ɗaurin igiya

Idan kana jawo shi yana gudu gefe guda, ka riƙe shi yana fuskantarka, in hagunka yake gudu ka lanƙwasa zoben hancin zuwa damanka, in dama kuma akasin haka. Lanƙwasar da ido zai gani sarai ta yi yawa, ɗan matsi ake yi da filaya a sake gwadawa, kuma ba a murɗa zoben, don kada a buɗe sabuwar hanyar yoyo.

Da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mini da ƙorafin ba sa kaɗa kai lafiyarsu ƙalau, ɗauri ne ya shaƙe su. Ka sa ƙaramin zobe a hanci ka ɗaura igiya a jikinsa, ko ka yi ɗauri mai madauki. Ana yinsa ne da ƙulla sakakken ƙulli kamar santimita 10 daga bakin igiya, a zura bakin ta zoben hanci, a dawo da shi ta cikin ƙullin, a naɗa shi sau huɗu ko biyar a jikin doguwar igiyar, a sake dawo da shi ta cikin ƙullin, a jiƙa da yawu a ja, madaukin ya rage kamar ƙwayar wake. Irin igiyar ma tana da hannu a ciki. Ta nailan da saƙaƙƙiya suna zama sama, ta fulorokabon kuwa, wadda take kama da ta nailan amma ta fi ta nauyi, nutsewa take yi ta ja hancin ƙasa, ba ta dace da wannan aiki ba.

7. Gugar leɓe

Wannan na mai kwarmin baki ne kawai, kuma abin da aka goge ba ya dawowa. Masu gasar kamun kifi a Amurka sun daɗe suna goge leɓen ƙasa na Pop-R domin ya rage ɗibar ruwa, ya riƙa fesa shi gaba kamar ƙananan kifi da aka koro, ya kuma fi saurin tafiya. A ruwa mai haske da ya kwanta wannan fesin yakan fi, amma a ruwan damina mai laka, inda tarwaɗa take bin ƙara da motsi, ƙarar "ɓul" mai zurfi ta fi amfani, saboda haka idan guda ɗaya gare ka ka bar masa leɓensa.

Idan ka yanke shawarar yi, ka shimfiɗa samfefa bisa abu mai lebur, ka riƙe kifin a karkace yadda leɓen ƙasa kaɗai zai taɓa, ka ja sau biyar, ka duba ko gefen biyu sun yi daidai, ka gwada a ruwa. Milimita 1 zuwa 2 ita ce iyaka. Na farkon da na yi wa wannan aiki, garin neman gira na rasa ido, na yi ta guga ina jin daɗin yadda fesin ke ƙaruwa har samfefa ta huda bangon bakin, daga ranar bai ƙara ɗaga kai daidai ba duk gam ɗin da na zuba masa. Ka riƙa ɗaga shi wajen haske, da zarar ka ga robar ta fara nuna haske ta ciki ka tsaya.

8. Gashin wutsiya

Ka zaɓi gashin wuyan zakara guda uku ko huɗu masu tsawon da ya ninka ƙugiyar sau ɗaya da rabi, ka jera su kewaye da ƙugiyar wutsiya, ka naɗe gindinsu da jan zare, ka ƙulle, ka ɗiga jan farce. Ga mai kwarmin baki wannan ƙari ne mai kyau, domin idan ka tsayar da shi gashin yana ci gaba da buɗewa da rufewa, kuma a wannan tsayuwar kifi ya fi kai hari. Ga dogon kuwa gashi birki ne, yana riƙe wutsiya ya rage kaɗa kai, sai dai a sa guda biyu gajeru ko a bari. Gashi yana shan ruwa, saboda haka ka jiƙa shi sosai kafin ka sake duba zama a baho.

9. Fenti

Kifin da ke ƙasa ciki yake gani, ba baya ba, don haka kada ka wahalar da kanka da zane. Farin ciki ko baƙi ya wadatar, a rufe ƙujewa da jan farce marar launi bayan an gwada shi a ɗan wuri, tunda wani yakan tayar da fentin asali. Idan za ka shafe jikin duka da Araldite, ka yi shi da sassafe, shafi ɗaya siriri, ka riƙa juya shi a hannu har ya daina gangara, ka kifa masa kwano saboda ƙurar hunturu, ka ba shi awa 24. Wannan shafin ma nauyi ne, sai an koma baho.

10. Gwaji a tabki

Baho yana nuna zama ne kawai, rawa sai a fili. Ka tafi da filaya da tef da ƴan gutsattsarin darma, ka sami wurin da babu ciyawa, ka yi gajeren jifa inda za ka iya ganin komai. Ka sunkuyar da kan sandar fatsarka wajen ruwa, ka yi ƴar fizga da wuyan hannu, ka mayar da kan sandar nan take domin igiya ta saki, saboda a cikin wannan sakin ne kifin yake samun damar juyawa. Wanda ya riƙe igiya a miƙe zai ga yana tahowa ɗoɗar ko da gyaran ya yi kyau.

Idan yana nutsa kai a kowace fizga, gaba ya yi nauyi ko igiya tana jansa ƙasa, ka matsar da darma baya. Idan yana tsalle yana fita daga ruwa ya kifa, ya cika sauƙi, ka ƙara naɗi biyu a ƙugiyar ciki. Idan yana juyawa gefe guda sosai ɗaya gefen kaɗan, ka koma kan zoben hanci. Ka gyara ɗaya, ka yi jifa biyar, sannan ka taɓa na gaba. Bayan ka tashi ka ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, musamman idan tabkin mai kanwa ne, ka shanya shi a inuwa har gashin ya bushe, sannan ka sa shi a akwati, akwatin kuma ka naɗe shi da tsumma ka ajiye cikin ɗaki.